Sikanin ya ce hantata lafiya lau, FibroScan ya ba ni 11.4: wanne zan gaskata?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan, ko Allah zai sa a dace da wanda ya san kan abin.

Shekarata 36. Shekara uku da suka wuce na je ba da jini ga wani abokin aikina da za a yi wa tiyata, aka gwada aka ce ba za a ɗibi nawa ba, ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Ban taɓa jin komai a jikina ba, ko shawara ban taɓa yi ba. Tun daga lokacin, duk wata shida nake zuwa a ɗebi jini a kuma yi mini sikanin na ciki. Kullum takardar abu ɗaya take faɗa: girman hanta daidai, babu ƙari, saifa ba ta kumbura ba, babu ruwa a ciki. Na ƙarshen ma bai fi mako uku da yi ba, kuma haka ya nuna.

To a wannan karon sai gwajin jini ya canza. ALT ɗina, wato sinadarin da ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni, da ke tsayawa wajen 35 zuwa 40 ya hau zuwa 112, ɗan uwansa AST 74, yawan ƙwayar cutar a jini 86,000, filatilet (ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini) 210. Likita ya duba ya ce in je a yi mini FibroScan. Na kwanta rigingine, aka ce in ɗaga hannun dama in sa a bayan kai, mai aikin ya ɗora wani abu kamar tocila a tsakanin haƙarƙarina. Sai in ji ɗan bugu kamar an ɗalle ni da yatsa, ya sake, ya sake. Ko minti goma ba a yi ba aka ce in tashi. Ga abin da ke takardar: E 11.4 kPa, IQR/Med 14%, CAP 221. Na tambaye shi ma'anarsu, ya ce likitana ne zai yi mini bayani. Ganin likita kuwa sai nan da mako biyu.

Da na dawo gida na shiga bincike a waya. Wani jadawalin ya ce 11.4 mataki na uku ne na tabon hanta, wani ya ce tsakanin na biyu da na uku, wani kuma ya ajiye ni a bakin ƙofar sirosis, wato ƙandarewar hanta gaba ɗaya.

Abin da ya sa hankalina ya tashi haka shi ne mahaifina. Ina da shekara 19 ya rasu, shi yana da 52. Cikinsa ya kumbura kamar zai fashe, ƙafafunsa suka cika da ruwa, daren ƙarshe jini ya yi ta amai, ni na riƙe masa kwanon. A lokacin ba wanda ya faɗa mana sunan ciwon. Yanzu ina da yara uku, babbar shekararta tara. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi.

Tambayata ita ce, ta yaya hoton da ake ganin hantar da ido zai ce lafiya lau, na'urar da ba ta nuna mini hoton komai ba kuma ta ce akwai tabo? Wanne ya yi kuskure? Shin in matsa a yi mini MRI, ko a yanko naman hantar da allura a duba? Kuma idan da gaske tabon ne, yana warkewa ko shi ke nan?

Mai Ɗaukar Hoto ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ba ka lafiya. Ni ba likita ba ce, aikina ɗaukar hoto ne a asibiti, shekara 11 ina riƙe da irin waɗannan na'urori. Zan tsaya a kan abin da hannuna ya sani, maganar magani kuwa ta likitanka ce.

Babu wanda ya yi maka ƙarya cikin gwaje-gwajen biyu, tambayar da aka yi wa kowanne ce daban. Sikanin da ka saba siffa yake dubawa: girman hanta, santsin gefenta, ko akwai ƙari, ko saifa ta girma, ko ruwa ya taru. Tabo kuma ba ya fara da canza siffa. A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu a zaman lafiya shi ne ajiye bitamin A. Idan rauni ya daɗe yana maimaituwa, ko daga ƙwayar cuta ne, ko giya, ko kitse, sai su bar wannan aikin su koma saƙa wani zare mai tauri da ake kira kolajin. Zaren yana fara taruwa ne a kewayen ƙananan jijiyoyin da ke shigo da jini, daga baya ya riƙa miƙa gada daga wannan jijiya zuwa waccan, a ƙarshe ya kewaye naman hantar ya raba shi dunƙule-dunƙule. Matakan F0 zuwa F4 da ka gani a waya wannan tafiyar suke ƙirgawa, F4 shi ne sirosis. Likitocin Faransa ne suka tsara su, sunan tsarin METAVIR, kuma asalinsa don mai duba naman hanta a madubin likita aka yi shi.

Zaren nan siriri ne ƙwarai, idon sikanin ba ya kama shi. Na sha ganin hanta mai santsi, kyakkyawa a fuskar na'ura, amma da aka auna ta sai aka tarar tana mataki na uku. Kafin gefen hanta ya yi tudu da kwari, saifa ta kumbura, ruwa ya bayyana, to tafiya ta riga ta yi nisa. Don haka kalmar lafiya lau a takardar sikanin tana nufin ba a ga ƙari ba, ba a ga alamun ƙarshen ciwo ba. Wannan labari ne mai daɗi, ka riƙe shi. Amma ba ta rantse maka cewa babu tabo ba.

Shi kuwa FibroScan, wani kamfanin Faransa mai suna Echosens ne ya fito da shi wajen 2003, kuma ba tabo yake gani ba, tauri yake aunawa. Wannan ɗallin da ka ji girgiza ce ake turawa cikin hanta, sau 50 a daƙiƙa, sannan na'urar ta bi ta da wani siririn sauti da kunne ba ya ji, don ta ga da wane gudu take tafiya. Ka tuna igiyar shanya: idan a ɗaure take tamau ka kaɗa ta, nan take girgizar ta isa ɗaya bakin, idan kuwa ta yi sako-sako sai ta tafi a hankali. Tunda kai malamin lissafi ne, ga yadda ake fitar da lambar: a ɗauki gudun a mita cikin daƙiƙa, a ninka shi da kansa, a sake ninkawa da 3. Taka girgizar ta yi kusan mita 1.95 a daƙiƙa, shi ya ba da 11.4. Hanta mai lafiya tana ba da wajen kilofaskal (kPa ɗin da ke takardarka) 4 zuwa 6, ma'aunin kuma yana kaiwa har 75.

Sauran lambobin biyu ba abin damuwa ba ne. Akan ɗauki awo goma masu kyau a zaɓi na tsakiya, IQR/Med kuma yana nuna yadda awon suka yi kusa da juna. Ana son kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, naka 14 ne, wato hannun mai aikin bai yi rawa ba. CAP kitse yake aunawa, 221 bai nuna kitse mai yawa ba.

Yanzu ga wurin da nake son ka natsu. Hanta tana cikin wata 'yar fata da ba ta miƙewa sosai. Duk abin da ya cika ta daga ciki zai sa ta yi tauri ko da babu tabo, kamar tayar keke da aka ba iska: robar ba ta ƙara kauri ba, amma in ka danna za ka ji ta kamar dutse. Kumburin da ƙwayar cuta ke tayarwa yana yin haka, kuma ALT ɗinka na 112 yana cewa akwai kumburi yanzu haka. Ciwon zuciya da ke sa jini ya taru a hanta yana yin haka, toshewar hanyar ruwan matsarmama ma haka, shan giya a kwanakin gwajin haka. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne yawa a wurinmu: abinci. Bayan mutum ya ci, jini mai yawa yana kwararowa daga hanji zuwa hanta, lambar sai ta hau. Shi ya sa ake cewa a yi awa uku ba a ci komai ba kafin a kwanta.

Wannan ne ma dalilin da jadawalan suka saɓa maka. Kowace cuta da nata iyakokin, na mai kitse a hanta daban, na mai nau'in C daban. A nau'in B, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta fitar a 2015 ta raba masu ALT daidai da masu ALT a sama. Ga wanda nasa ya hau, daga 6 zuwa 12 wuri ne na kokwanto, ba a yanke hukunci da shi kaɗai, idan kuma ALT ya ninka iyakar mai lafiya fiye da sau biyar ba a ma dogara da awon. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2024 ta ɗauki sama da 7 a matsayin tabon da ya isa a fara magani, sama da 12.5 kuma alamar sirosis. Kai kana tsakani, kuma a lokacin da kumburi ke ƙara wa lambar gishiri.

Ka faɗa mini, Malam, ƙarfe nawa aka yi gwajin, kuma yaushe ka ci abinci na ƙarshe kafin nan?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Anti, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta sau uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: na karya kumallo na ƙoshi sosai wajen takwas da kwata, aka yi gwajin tara saura kaɗan. Wallahi babu wanda ya ce mini kada in ci, ba a wurin karɓar kati ba, ba a ɗakin gwajin ba. Na ma ci ne da gangan don na zaci zan daɗe a layi. Abin ya ɓata mini rai, domin tambaya ɗaya ce da an yi mini ita da ban kwana huɗu ido biyu ba. Giya kam ban taɓa sha ba. Na lissafa na ga 1.95 sau 1.95 sau 3 ya ba da 11.4 daidai, kuma ban san dalili ba, ganin hakan kaɗai ya rage mini tsoron takardar.

Tsohon Direba ya rubuta:

Ɗana, sannu. Ni shekarata 61, kuma hanyar da kake tsoro na riga na bi ta, don haka saurara.

Shekaru da dama ke nan da aka gano nawa, nau'in B kamar naka. Ni mai jiki ne, da aka ɗora mini kan na'urar na farko ta ƙi ba da lamba ko ɗaya, sai da aka canza zuwa babban kai da suke kira XL, wanda ke leƙawa ciki da zurfi. Ya ba da 21. Filatilet ɗina 118. Likitan ya ce akwai ƙa'idar da masana suka amince da ita a taronsu na wani gari a Italiya mai suna Baveno: wanda lambarsa ta gaza 20 kuma filatilet ɗinsa ya haura 150, ana iya ɗaga masa ƙafa daga zura kyamara ta maƙogwaro. Ni na faɗi a duka biyun, aka zura, aka ga jijiyoyi sun fara kumbura a hanyar abinci, ƙanana. Irinsu ne idan suka girma suka fashe mutum ke aman jini. Da na karanta abin da ka faɗa a kan mahaifinka sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Allah ya gafarta masa. Ka duba naka filatilet, 210 ne, saifarka kuma ba ta girma ba. Ba wuri ɗaya kuke tsaye da shi ba.

Allurar da kake tambaya an yi mini. An kashe wurin, an ce in riƙe numfashi, na ji ƙas, shi ke nan. Wahalar tana bayan nan, awanni ina kwance a gefen dama ana auna jinina, kafaɗata ta dama tana ciwo har washegari. Abin da aka ciro kuwa kamar guntun zare ne. Likitan ya gaya mini bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, kamar ka ɗebi ƙasa cokali ɗaya ka ce ka san gonar. Tana da amfaninta, don ita kaɗai ke nuna kumburi daban tabo daban, amma tana iya faɗawa wuri mai kyau ta bar mara kyau, kuma akwai haɗarin zubar jini ko da kaɗan ne. Kada ka matsa a yi maka ita don neman kwanciyar hankali kawai. Idan likita ya ga gwaje-gwaje sun ƙi haɗuwa, shi da kansa zai kawo maganar.

Sai MRI. Akwai na musamman mai auna tauri, wanda aka ƙirƙiro a asibitin Mayo na Amurka. Ana ɗaura maka wani faifai a kan haƙarƙarin dama yana kaɗawa kamar ganga, kana riƙe numfashi, ya fitar da taswirar hantar da launuka. Ƙiba ba ta hana shi aiki, ruwa a ciki ma ba ya hana shi, alhali FibroScan ba ya iya ƙetare ruwa. An yi mini shi wata biyu bayan na farko, na ga an rubuta 5.4. Na yi ta hamdala a mota, na kira iyalina na ce daga 21 na sauko 5. Da na je wurin likita sai ya zaunar da ni ya ce ma'aunin ba ɗaya ba ne, duk da sunan kilofaskal da suka yi tarayya. A MRI hanta mai lafiya ba ta cika wuce 2 da rabi ba, 5 kuwa sirosis ne. Ranar na fi jin abin fiye da ranar farko. Na faɗa maka ne don kada ka taɓa gwada lambar wata na'ura da ta wata.

Ka tambaya ko yana warkewa. Ni ne amsarka. An ɗora ni a kan tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum. Cikin shekarar farko lambar ta faɗo zuwa 14, likita ya ce kada in ruɗu, yawancin wannan kumburi ne ya sauka. Daga nan ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, bara ta nuna 8.9. Akwai babban binciken da aka wallafa a 2013, inda aka bi masu shan wannan magani shekara biyar ana duba naman hantarsu kafin da bayan. Cikin mutum 96 da suka fara da sirosis, 71 ba a sake samun su a wannan matakin ba. Hanta tana iya warware zaren idan aka daina yi mata rauni, sai dai da shekaru ake ƙirgawa.

Abu biyu zan roƙe ka. Idan aka fara maka magani kada ka tsayar da kanka don ka ji sauƙi, ƙwayar cutar tana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da, ta illata hantar cikin makonni. Kuma duk abin sha da wani zai miƙo maka ya ce yana wanke hanta, ka kai wa likita ya gani tukuna. Ni har gobe duk wata shida sai na je sikanin saboda ciwon daji, don saukar lamba ba ta cire wannan haɗarin gaba ɗaya.

Maman Biyu ta rubuta:

Allah ya ba Malam lafiya. Ku yi haƙuri in ɗan raɓa da tawa tambayar, tunda maganar tabo ake. Anti, ni tiyata uku aka yi mini a ciki, biyu na haihuwa, ɗaya na afendis. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwo a gefen dama na mara, kamar ana jan wani abu idan na miƙe ko na juya. An yi sikanin ba adadi, an yi CT, duk ba a ga komai ba. Wani likita ya ce wataƙila tabon aikin ne ya manne hanjina da bangon ciki. Har mutanen gida sun fara yi mini kallon mai raki. Wannan na'urar da aka yi wa Malam za ta iya nuna nawa?

Mai Ɗaukar Hoto ta rubuta:

'Yar uwa, sannu da fama, kuma ba raki kike yi ba. FibroScan ba zai taimake ki ba, don dunƙulallen nama kamar hanta aka yi shi. Naki tabon iri ne daban. Bayan tiyata, wuraren da aka taɓa suna iya haɗewa da wani siririn abu kamar yanar gizo, wani lokaci kamar igiya, tsakanin hanji da hanji ko hanji da bangon ciki. Yawancinsa ba ya fitowa a CT ko sikanin. Abin da CT ke kamawa shi ne ɓarnarsa idan ya shaƙe hanji: a ga hanjin ya kumbura har zuwa wani wuri, daga nan kuma ya lanƙwame babu komai. Rashin ganinsa a hoto bai kore shi ba.

Akwai 'yar dabara da muke yi. A ɗora kan sikanin a kan wurin aikin, a ce ki ja dogon numfashi ki saki. Hanjin da ba a riƙe ba yana zamewa sama da ƙasa a ƙarƙashin bangon ciki, wanda ya manne kuwa sai ya tsaya cak ko ya motsa kaɗan. Ki tambayi likitanki ko za a iya duba miki haka. Tabbaci dai sai an shiga da kyamara ta ƙaramin rami, kuma likitoci ba sa gaggawar hakan domin kowace shiga tana iya haifar da sabon mannewa. Idan kika ga amai ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, kada ki jira gari ya waye.

Kowane sashe na ciki da halinsa. Ƙoda alal misali ta ƙi yarda da awon tauri kamar yadda hanta ta yarda, saboda yawan jinin da ke ratsa ta shi ke rinjayar taurinta, kuma idan ta lalace jinin raguwa yake yi, sai lambar ta rikice. Yaran da suka sha ciwon fitsari mai hawa ƙoda, wani hoto daban ake yi musu mai suna DMSA: a yi allurar wani sinadari da lafiyayyen naman ƙoda ke kamawa, inda tabo yake sai ya fito kamar giɓi.

Malam, na manta wani abu a amsata ta farko, kuma bai kamata in bar ka kana ganin sikanin ba shi da ido a kan tabo kwata-kwata ba. Akwai tabon hanta guda da ya fi kowa iya gani, wanda tsutsar ruwa 'yar uwar mai kawo tsargiya ke haddasawa, irin da ke zama a jijiyoyin hanji. Ƙwayayenta suna maƙalewa a rassan jijiyar hanta, tabo mai kauri ya kewaye su, a fuskar na'ura ka gan shi fari fat kamar bututu. Wani likita mai suna Symmers ya siffanta shi a Masar a 1904, kuma tsarin da muke bi wajen tantance matakansa an tsara shi ne a taron masana a Yamai a 1996. Idan ka taɓa yawan shiga rafi ko tafki a yarinta, ka faɗa wa likitanka, don cutar biyu suna iya haɗuwa a hanta ɗaya.

Game da abincin da ka ci, ka koma ka nemi a sake gwajin da safe ba ka ci komai ba, a na'ura ɗaya in zai yiwu. Amma kada ka sa ran zai koma 5, kumburin yana nan. Kuma ka sani, ko lambar ta sauka ko ba ta sauka ba, a ƙa'idar 2024 da na ambata, ƙwayar cuta sama da 2,000 tare da ALT a sama ta isa a yi maganar fara magani, haka ma tarihin sirosis ko dajin hanta a dangi. Ka ba likita labarin mahaifinka kamar yadda ka ba mu, kada ka rage komai.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na dawo da labari kamar yadda ya kamata. Baba Direba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta filatilet da saifa ita ta fara ba ni barci. Maman Biyu, Allah ya yaye miki.

An sake gwajin ranar Litinin da safe, rabona da abinci tun daren Lahadi. Wata ce daban ta yi, kuma kafin in kwanta ta tambaye ni yaushe na ci. Ya ba da 9.3, IQR/Med 11%. Jiya na ga likita. Na ba shi labarin mahaifina tun daga kumburin ƙafa har daren ƙarshe, karo na farko da na faɗa wa wani likita, ya ajiye biro ya saurara har na gama. Ya ce 9.3 da ALT a sama ba ya nuna masa sirosis, amma ba zai ce babu tabo ba, ya fi zaton mataki na biyu. Ya lissafa wani abu daga AST da filatilet da ake kira APRI, ya fito 0.88, ya ce shi ma ya wuce 0.5 da ake dubawa. Allura da MRI ya ce babu buƙatarsu yanzu, don babu abin da za su nuna da zai canza shawararsa. An gwada ƙodata ta fito daidai, na fara tenofobir daren jiya. Za a sake jini bayan wata uku, FibroScan kuma sai ALT ya sauka ya zauna, domin a lokacin ne lambar za ta faɗi abin da ya rage na ainihin tabo. Sikanin duk wata shida yana nan, saboda tarihin mahaifina. Na faɗa masa maganar rafi, Anti, ya rubuta gwajin bayan gida da na jini.

Matata da yaran an gwada su tun shekara uku da suka wuce, ba su da ita, kuma sun gama rigakafi. Amma 'yan uwana da muke ciki ɗaya ban taɓa iya buɗe baki na gaya musu ba, kunya da tsoro suka hana ni. Makon nan na kira su ɗaya bayan ɗaya. Mu biyar ne, uku sun riga sun je, an samu ƙanwata ta biyu da ita. Ranar Alhamis za a yi mata FibroScan ƙarfe tara, na ce mata ko ruwan shayi kada ta sha, ni zan kai ta. Anti, tana da ciki wata huɗu. Ana yin gwajin ga mai juna biyu, ko in kira su tun yau in faɗa musu?